Sanda, Tocila da Ƙwallo: Yadda Nake Koya wa Yara Dalilin Sauyawar Lokutan Shekara

Akwai amsar da kusan kowane babba yake bayarwa idan yaro ya tambaye shi abin da ya sa wani lokaci ake zafi, wani lokaci kuma ake sanyi. Sai ya ce masa ai da zafi duniya ce take matsowa kusa da rana, da sanyi kuma ta ja da baya. Yaro yana karɓar wannan nan take, domin ya san in ya matsa kusa da wuta zai ji zafi, in ya ja jiki zafin ya ragu. Amsa ce mai saurin shiga kai, sai dai ba haka abin yake ba. Ina koyar da yara 'yan shekara 6 zuwa 9, kuma yaron da ya zo mini bai san komai a kan batun ba ya fi mini sauƙi a kan wanda ya zo da wannan amsa a haddace, domin na biyun sai an sha fama kafin ya saki abin da ya riƙe.

Ba yara kaɗai abin ya shafa ba. A shekarun 1980 wasu masu binciken harkar koyarwa a Amurka sun ɗauki kyamara suka je bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Harvard. Suka tsayar da mutum 23, da masu kammalawa da tsofaffin ɗalibai da malamai, suka nemi su bayyana ko dai dalilin sauyawar lokutan shekara, ko dalilin sauyawar siffar wata. Mutum 21 ba su faɗi daidai ba. Mai yiwuwa an koya musu amsar gaskiya a aji, amma abin da suka fara gaskatawa tun suna ƙanana shi ya yi rinjaye. Shi ya sa nake ba darasin nan lokaci fiye da wanda manhaja ta ware masa.

Ga abin da ke rushe waccan amsa. Duniya takan fi kusa da rana a farkon watan Janairu, lokacin da tazarar take kimanin kilomita miliyan 147. Takan fi nisa a farkon Yuli, kimanin kilomita miliyan 152. To a Janairun nan da aka fi kusa da rana, mutanen Landan da Mosko da Beijin suna tsakiyar sanyi, wasunsu ma dusar ƙanƙara ta toshe musu hanya. A Janairun dai, mutanen Ostareliya da Ajantina da Afirka ta Kudu suna tsakiyar zafi. Duniyar ɗaya ce, ba ta yiwuwa rabinta ya matso rabi ya ja baya. Bambancin tazarar ma kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai, domin hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana kusan cikakkiyar da'ira ce. Ina jin haushin zanen da ake yi a littattafan yara da yawa, inda ake miƙe hanyar ta yi tsawo sosai, duniya ta kusa taɓa rana a gefe ɗaya, ta yi nisa can a ɗaya gefen. Mai zanen yana nufin nuna da'irar kamar an hango ta daga gefe, amma yaro abin da ya gani shi yake ɗauka.

Dalilin gaskiya shi ne duniya a karkace take, kimanin digiri 23.4, kuma a haka take zagaya rana. Faɗin wannan jimla ba ya ɗaukar minti ɗaya, yaro kuma zai iya maimaita ta kamar karatu ba tare da ta yi masa wata ma'ana ba. Don haka ni ba na farawa da sararin samaniya. Ina farawa da abin da yaro zai gani da idonsa, ya auna da hannunsa, har tambayar ta taso daga bakinsa. Gani ya kori ji. In har bai lura da cewa akwai abin da ke sauyawa a sama ba, bayanin karkatar duniya amsa ce ga tambayar da bai taɓa yi ba.

Kayan aikin farko sanda ce. Miƙaƙƙiya, mai tsawon kamar mita ɗaya, a kafa ta a buɗaɗɗen wuri inda babu inuwar gini ko bishiya, kuma inda ba za a tumɓuke ta ba har shekara ta zagayo. A tabbatar ta tsaya cak. Nakan ɗaura dutse a igiya in saki kusa da ita, yara su duba ko sun yi daidai. Kafin komai kuma akwai dokar da nake sa su faɗa da bakinsu: ba a kallon rana kai tsaye, ko da ta cikin baƙin tabarau ne. Inuwa muke kallo, ita za ta gaya mana inda rana take.

Ranar farko wasa kawai muke yi. Da safe yaro ya tsaya, abokinsa ya zana inuwarsa da alli. Da rana ta take ya koma ya sa ƙafafunsa a inda ya tsaya ɗazu, a sake zanawa, haka ma kafin a tashi. Dariyar da suke yi idan suka ga dogon ƙaton safe ya zama gajeren abu da tsakar rana, ita ce mafarin darasin. Daga nan sun kama abu ɗaya da za mu dogara da shi har ƙarshe: in rana tana ƙasa-ƙasa inuwa doguwa ce, in ta hau sama inuwa ta gajarta.

Sai aiki mai buƙatar haƙuri. Kowane mako, da tsakar rana, yara biyu su fita da abin awo su auna inuwar sandar, su rubuta tsawonta da ɓangaren da ta nufa. Tsakar rana ta gaskiya ita ce lokacin da inuwa ta fi gajarta a yinin, kuma ba lallai ta zo daidai da ƙarfe 12 na agogo ba, don haka yana da kyau a fara gano ta. Makonnin farko babu wani abin a zo a gani, yara ma sukan fara gajiya. Amma bayan wata biyu alamomin da ke ƙasa sun fara jeruwa, kowace ta ɗan gusa daga ta baya. Nan ne wani zai ce, “Malama, wa yake taɓa mana sanda?” Sai mu je mu duba da igiya da dutse, mu tarar sanda tana nan yadda take. In sanda ba ta motsa ba, inuwa kuma ta sauya, to me ya motsa? Ba na ba su amsa a ranar. Nakan bar su su tafi gida da tambayar.

Abin da sandar za ta nuna ya danganta da inda mutum yake a bayan ƙasa. Akwai layi biyu da suka kewaye duniya a gefe da gefen ikwaita, wato layin da ya raba duniya rabin arewa da rabin kudu: ɗaya digiri 23.4 arewa, ya ratsa Masar da Saudiyya da Indiya da Meziko, ɗaya kuma digiri 23.4 kudu, ya ratsa Namibiya da Ostareliya da Barazil. Wanda ke tsakanin layukan nan biyu yana da wata garaɓasa: sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai tsakiyar kai, inuwar sandar ta ɓace gaba ɗaya na ɗan lokaci, bayan haka kuma ta ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Inuwar da take nufar arewa ta koma tana nufar kudu. Ranar da inuwa ta ɓace, nakan dakatar da kowane darasi mu fita. Wanda ke wajen layukan kuwa ba zai taɓa ganin haka ba, inuwarsa ta tsakar rana ɓangare ɗaya take fuskanta duk shekara, sai dai ta yi tsawo ta gajarta.

Akwai kuma aikin gida da nake bayarwa, wanda iyaye za su iya yi da 'ya'yansu ko babu makaranta. Yaro ya zaɓi wuri ɗaya da zai riƙa tsayawa, ya zana abin da ke gabansa ta gabas, bishiya ce ko rufin gida ko turken lantarki, sannan duk wata ya sa alama a inda hasken fitowar rana ya fara ɓullowa. An saba ce wa yara rana daga gabas take fitowa, kuma haka ne, amma gabas sak sau biyu ne kawai a shekara, wajen 20 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. A Yuni mafitarta takan gusa arewa, a Disamba ta gusa kudu. Wata yarinya ta taɓa zuwa da takardarta tana haki, ta ce ranar gidansu ta tashi daga bayan bishiya ta koma bayan tankin ruwa. Ta faɗi haka ne kamar mai kawo labarin da babu wanda ya taɓa ji, kuma a wurinta hakan ne, domin da kanta ta gano.

Bayan sun tabbatar cewa hanyar rana a sama tana hawa tana sauka, sai tambaya ta gaba: ina ruwan wannan da zafi da sanyi? Nan tocila take shigowa. A rufe tagogi, a shimfiɗa takardar lissafi mai gida-gida a ƙasa. Yaro ya haska ta daga sama sak, wani ya zagaye hasken da fensir, a ƙirga gidajen da ya rufe. Sai a karkata tocilar, ba tare da an ƙara mata nisa ba, a sake zagayewa a sake ƙirgawa. Gidajen sun ƙaru, hasken kuma ya dusashe. Nakan tambaye su: an sa wa tocilar sabon batir ne, ko an rage mata? A'a. To hasken ɗaya ne, amma yanzu gidaje da yawa ne suke raba shi, kowane gida ya sami kaɗan. Idan rana tana digiri 30 kawai daga ƙasa, haskenta yakan bazu a kan fili ninki biyu na wanda zai rufe in tana tsakiyar kai, wato kowane taku na ƙasa rabin rabonsa yake samu. Ga ƙananan cikinsu da ƙirga ba ta dame su ba, nakan ajiye baƙin kwali biyu a rana da hantsi, ɗaya a jingine yana fuskantar rana sosai, ɗaya kuma hasken yana goga shi ta gefe. Bayan ɗan lokaci su taɓa da tafin hannu. Hannu ba ya musu.

Sai yanzu nake fito da ƙwallo, kuma wannan ne sashen da ya fi buƙatar kula. Ana buƙatar fitila mai haskawa ta kowane ɓangare a tsakiyar ɗaki mai duhu, ita ce rana. Ana buƙatar ƙwallon roba ko dunƙulen yumɓu da aka soke da dogon tsinke ta tsakiya, a zana masa layi a ƙugu a matsayin ikwaita. Sannan abin da mutane da yawa suke mantawa: a yanka tauraro na takarda a manna shi can sama a kusurwar ɗaki ɗaya. Wannan shi ne Tauraron Arewa, wanda kan duniya na arewa yake nunawa dare da rana, shekara da shekaru. Dokar wasan ita ce, duk inda ka je da ƙwallon, kan tsinken yana nuna tauraron nan.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan tauraron shi ne, in ka ba yaro ƙwallo ka ce ya zagaya fitila, jikinsa da kansa zai riƙa juyawa yana fuskantar fitilar, tsinken ma ya bi shi, ya zama kullum kan arewa yana sunkuyar wa haske. In aka yi haka lokutan shekara sun ɓace. Wasu kuma sukan ɗauka duniya lilo take yi, ta sunkuya gaba a Yuni ta koma baya a Disamba. Ba ta yin lilo. Karkatar tana nan yadda take, matsayin duniya a kan hanyarta ne yake sauyawa. A wani gefen ɗakin, kan arewa ya karkato wajen fitila, rabin arewa yana shan haske sosai, wannan shi ne wajen 21 ga Yuni. In yaron ya taka ya kai ɗaya gefen, tsinke yana nuna tauraro kamar ɗazu, sai ga shi kan arewa ya kauce wa fitila, rabin kudu ne ke shan haske, wajen 21 ga Disamba ke nan. A tsakanin waɗannan biyu akwai wurare biyu da babu rabin da ya fi wani, su ne na Maris da Satumba, lokacin da dare da yini suke kusan daidai a ko'ina.

Nakan soka ƙaramar ƙusa a jikin ƙwallon in ce musu wannan ita ce sandarmu ta waje. A kowace tasha su leƙa su ga inuwar ƙusar, a nan gajeriya, a can doguwa. Lokacin da yaro ya haɗa inuwar ƙusa da lambobin da ya yi watanni yana rubutawa a littafinsa, fuskarsa takan nuna. Wannan haɗuwar ita nake nema tun ranar da muka kafa sanda, kuma ba ta samuwa in an fara da ƙwallon.

A kowace tasha kuma sai a juya ƙwallon a kan tsinkenta a hankali, yara su bi ƙusar da ido su ga tsawon lokacin da take yi a haske da wanda take yi a duhu. Wannan shi ne dalili na biyu na zafi da sanyi, tsawon yini. A Landan yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16 da rabi, na ƙarshen Disamba bai kai awa 8 ba. A birnin Kito na ƙasar Ekwado, da ke kusa da ikwaita, yini awa 12 ne kusan duk shekara. In aka matsar da ƙusar can kusa da kan tsinke, sai yara su ga abin da ke ba su mamaki: a tashar Yuni, duk yadda aka juya ƙwallon, ƙusar ba ta shiga duhu. Nakan gaya musu akwai garin Tromso a ƙasar Norway, inda rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta fitowa sam. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce yaushe yaran garin suke barci.

Akwai wani abu da ke damuna a yadda ake koyar da wannan darasi. Littattafai da hotuna da yawa suna nuna lokuta huɗu ne kamar su ne na kowa da kowa: furanni, zafi, zubar jajayen ganye, dusar ƙanƙara. Waɗannan na yankunan da ke nesa da ikwaita ne. Ɗimbin yaran duniya suna zaune ne a inda abin da ke raba shekara shi ne ruwa da rashinsa, damina da rani. In ka sa irin wannan yaro ya haddace lokutan da bai taɓa gani ba, ka koya masa cewa kimiyya labarin wasu ce. Alhali karkatar nan ita ce dai ke kawo masa damina.

Ga yadda nake bayyana musu. Inda rana ta fi dukan ƙasa daga sama, ƙasa takan yi zafi, ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska mai zafi tashi sama take yi, iska mai laima daga teku ta kwararo ta maye gurbinta, ita ma ta tashi. Can sama akwai sanyi, sai laimar ta dunƙule ta zama gajimare, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Don haka akwai wata ɗamarar gajimare da ruwa da ta kewaye duniya, tana bin rana a baya, ta hau arewa a tsakiyar shekara, ta gangara kudu a ƙarshenta. Nakan sa wa ƙwallon zoben auduga mu riƙa gusa shi sama da ƙasa yayin da muke zagaya fitila. Wuraren da ke dab da ikwaita zoben yakan ratsa su sau biyu, shi ya sa a Kenya ake samun ruwa daga Maris zuwa Mayu, a sake samu daga Oktoba zuwa Disamba. Wuraren da ke bakin iyakar tafiyarsa, irin yankin Sahel, sau ɗaya yake isa gare su, wajen Yuni zuwa Satumba. A Indiya damina takan shigo ta jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, sannan ta hau arewa. Idan kuma zoben ya koma kudu, sai busasshiyar iska daga Sahara ta sami hanya ta mamaye Afirka ta Yamma, wato hunturu, da ƙurarsa da tsagewar leɓe. Wani kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tashi, kuma ƙurar Sahara takan ƙetare tekun Atlantika har ta sauka a dajin Amazon.

Wannan ne kuma ke warware wani ruɗani da yara masu lura sukan kawo. Su ce, in Yuni ne rabin arewa ya fi shan rana, me ya sa a wasu wuraren arewa da ikwaita an fi zafi a Afrilu da Mayu? Domin a lokacin rana ta riga ta hau tsakiyar kai, amma gajimare bai iso ba tukuna, babu abin da ke tare ta. Bazara ke nan. Da ruwa ya sauka, gajimare ya yi rumfa, sai garin ya yi sanyi-sanyi ko da rana tana sama. A ƙasashen Turai kuma zafi yakan kai ƙololuwarsa ne a Yuli da Agusta, makonni bayan yini mafi tsawo, saboda ƙasa da teku suna ɗaukar lokaci kafin su ɗumama. Kwano biyu sun isa nuna wannan, ɗaya da yashi ɗaya da ruwa, a ajiye su a rana, sannan a mayar da su inuwa. Yashi ya riga yin zafi, ya riga hucewa, ruwa kuwa a hankali yake yin duka biyun.

Littafin da yara suke rubuta awon inuwa, a shafin da ke kallonsa nakan sa su zana abin da suka gani a makon: bishiyar da ta zubar da ganye, tsuntsun da ya zo, ƙwarin da suka ɓace. A ƙasashe masu sanyi, gajartar yini ce ke sa bishiya ta janye sinadarin da ke sa ganye kore, sai launin rawaya da yake ɓoye a ciki tun da can ya bayyana. A wurare masu rani, bishiya irin kuka takan zubar da ganye ne don ta tsimi ruwa. Gawo kuwa akasin haka yake yi, ya zubar da damina ya yi kore da rani, kuma saiwarsa mai zurfi ce ke kai shi ga ruwan ƙarƙashin ƙasa lokacin da saman ya bushe. Shamuwa tana bin ɗamarar ruwan nan ne, ta zo Sahel da farkon damina ta yi sheƙa, in ruwa ya ɗauke ta ƙetare ikwaita ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda fara da tsutsotsi suka koma. Akwai ma wata ƙaramar tsuntsuwar teku da ke ƙyanƙyasa a can ƙuryar arewa, sannan ta tashi har yankin Antatika a ƙuryar kudu, ta dawo, tafiyar kimanin kilomita 70,000 a shekara, don kawai ta ci lokacin zafi sau biyu. Da dare kuma akwai kaza da 'ya'yanta, taurarin da ake gani da almuru daga wajen Nuwamba zuwa Maris, amma a Mayu da Yuni su ɓace domin rana ta shiga tsakaninmu da su. Wannan shaida ce da yaro zai gani da idonsa cewa duniya ta sauya wuri.

'Yan shekara 9 nakan ba su labarin Eratostenis, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na birnin Iskandariya a Masar kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, can kudancin Masar, a yini mafi tsawo, rana takan tsaya tsakiyar kai har inuwa ta ɓace. A irin wannan rana a Iskandariya kuwa akwai inuwa, kuma da ya auna sai ya ga karkatarta kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, digiri 7 da ɗoriya. Ya ce to tazarar garuruwan biyu ita ma kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Tsakaninsu kimanin kilomita 800 ne, in ka ninka sau 50 ka sami 40,000, wanda kusan shi ne kewayen duniya kamar yadda aka sani yau. Nakan bar yaran su yi ninkawar da kansu a kan allo.

Ba na tsammanin ɗan shekara 6 ya riƙe duk wannan. In ya san inuwa tana sauyawa, ya san haske sak ya fi na karkace zafi, ya wadatar a wannan shekarar. Saura zai zo in an sake zagayowa. Su kuwa manyan, ba na gwada fahimtarsu da tambayar da za a amsa da hadda. Nakan miƙa wa yaro ƙwallon in ce ya tsayar da tsinken sak, babu karkata, ya zagaya fitila, sannan ya gaya mini abin da zai faru da mutanen duniyar nan tasa. Wanda ya fahimta zai duba inuwar ƙusa a kowace tasha ya ga ba ta sauya ba, ya juya ƙwallon ya ga dare da yini daidai suke ko'ina, ya ce ai kowane wata zai zama kamar ɗan'uwansa. Wanda bai fahimta ba zai fara matso da ƙwallon kusa da fitila, sai in san da sauran aiki, mu koma kan tocila.

Kusan kullum a nan ne wani yake tambaya, “Malama, to wa ya karkata ta?” Wani daga baya ya amsa masa da cewa Allah ne. Nakan ce haka ne, mu kuma muna koyon yadda abin yake aiki ne, sannan in ƙara musu da cewa masana da yawa suna ganin wani ƙaton abu ne ya yi karo da duniya tun tana sabuwa, kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, kuma daga ɓaraguzan karon ne wata ya samu. Sauran duniyoyi ma kowace da tata karkatar. Ta Mars kimanin digiri 25 ce, kusan irin tamu, don haka tana da lokutan shekara, sai dai sun fi namu tsawo tun da shekararta kwana 687 ce. Ta Jupita digiri 3 ce kawai, kusan irin ƙwallon da yaron ya tsayar sak. Yuranus kuwa karkatarta ta kai digiri 98, a kwance take zagaya rana, kuma zagaye ɗaya yana cin shekara 84 irin tamu. Da sun ji haka sai su nemi a kwantar da tsinken a sake zagaya fitila, mu ƙirga tare: kowane kai na Yuranus yana yin kimanin shekara 42 cikin hasken rana, sannan ya yi wasu 42 cikin duhu.